Taga a Bangon Arewa

Ɗakin da na haifi ɗana na fari ƙofa ɗaya gare shi, tana kallon gabas, sai wata 'yar taga a bangon yamma wadda faɗinta bai wuce murfin kwano ba. Tun ranar da naƙuda ta kama ni surukata ta cusa tsohon buhu a tagar, ta saki asabari a ƙofa, ta rataya bargo a bayansa. Lokacin sanyi ne, ana cikin lagit, wato tsinkar auduga, ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad yakan watse tun da asuba, manya da yara duk suna gona. Da mahaifiyata na da rai, garinmu Abu Na'ama zan tafi in haihu a gabanta kamar kowace mai haihuwar fari. Ba ta da rai, don haka na zauna a hannun surukata, wadda nake kira Inna kamar yadda ɗanta ke kiranta.

Inna ba muguwa ba ce. Ta bar lagit saboda ni a lokacin da kowa ke neman hannu, ita ke dafa min ruwan wanka safe da yamma, ita ke dama kunun kanwa. Sai dai tana da dokarta: jinjiri ba ya ganin rana sai an yi arba'in. Ni ina fita bayan ɗaki in yi wankan jego, shi kuwa a ciki ake masa komai, a gaban fanus, fitilar nan mai gilashi, wadda ke ci dare da rana a kan wani kifaffen kwano kusa da gadona.

Mai haihuwar fari ana so ta yi kamar ba ita ta haifa ba. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka ta jira a miƙo mata shi, in an yabe shi ta kau da kai. Ni kuwa Allah ya halicce ni da tsoro. Da zarar Inna ta fita sai in jawo fanus in yi ta dubansa, daga tsakar ka har 'yan yatsun ƙafa. Ina yarinya yayata ta rasa jinjiri a Abu Na'ama, kuma na ji mata a wurin gaisuwa suna cewa shawara ce, ai tun farko idonsa ya yi rawaya, ba a lura ba ne. Wannan "ba a lura ba" ita ce ta biyo ni har ɗakin aurena.

Ba a kai ga suna ba na fara ganin kamar goshinsa ya sake. Na daure, na daure, na kasa.

"Inna, don Allah ki duba min shi. Kamar ya yi rawaya."

"Wa?"

"Shi."

"Shi wa? Ke 'yar nan, ina kunyarki ta tafi? Mu da munka haihu ko kallon gefen da anka aje yaro ba mu yi." Duk da haka ta sunkuya ta dube shi, ta daɗe kaɗan, sannan ta miƙe. "Aikin fitila ne. Kowa rawaya ne cikin ɗakin ga. Dubi hannuna."

Na duba. Tafin hannunta rawaya ne. Na duba nawa, shi ma haka.

Da yamma da zan fita wanka na ciro ɗan tsagin auduga daga matashi na damƙe a hannu. A waje na buɗe, fara tas. Na dawo da ita ciki na kai gaban fanus, sai ga ta kamar an shafa mata man shanu. Na gwada gefen farin tob ɗina, mayafin nan namu na nan ƙasar, na gwada nono a cokali, na gwada gishiri. Duk abin da na sani fari ne, a gaban fitilar sai ya koma ruwan ƙwai. Abin ya ba ni mamaki har na ɗan manta da tsoro. Shekara nawa ina zama da fanus, ban taɓa sanin yana sa wa abubuwa launinsa ba. Ni a da haske haske ne, ko akwai ko babu.

Inna ta yi gaskiya ke nan. Amma gaskiyar tata ba ta kwantar min da hankali ba. In fitila na sa mai lafiya ya yi rawaya, to mai rawayar gaske ma a cikinta zai ɓuya, kowa ya ce aikin fitila ne. Abin da nake nema kawai in ga yaron nan sau ɗaya a hasken da ba ya ƙara komai, ba tare da na fitar da shi ba.

Na fara da tagar yamma. Da la'asar Inna ta tafi ɗebo ruwa a magudana, na taka kujera na zare buhun. Rana ta shigo kamar taɓarya, doguwa, miƙaƙƙiya, hayaƙin fitila yana juyi a cikinta, ta sauka a kan tabarma. Na ɗauko shi na sa fuskarsa a wurin. Ya runtse ido gam, ya tsandara kuka. Fatarsa ta yi ja-ja kamar tagulla, audugar da na kara kusa da kuncinsa ita ma ta yi kalar zinariya, don ranar yamma tana da nata launin. Abin da ya fi ɗaure min kai, sauran ɗakin sai ya ƙara duhu. Kafin in zare buhun ina ganin gado da kwanuka, bayan na zare ban ga komai sai wannan da'irar da ke ƙasa. Na ƙara haske, na rage gani. Ina tsaye ina wannan tunani Inna ta ɗaga asabari.

"La ilaha illallahu! Mi nika gani?"

"Inna, dubawa kawai…"

"Dubawa! Rana za ki ba shi ya sha? In iska ta shige shi ke za ki fidda ta?" Ta karɓe shi ta rufe da zane, ta mayar da buhu ta danna da gwiwar hannu. "In kin gaji da zama ki faɗa, a ba ki buhu ki tafi lagit."

Washegari na gwada ƙofa. Muna da maƙwabciya da nake kira Yaya, mace mai jiki da baki, tana toya kisra, wainar dawar nan mai faɗi, tana kai wa masu tsinka a gona. Kullum da safe takan leƙo kafin ta tafi. Ta ɗaga bargo da asabari, rana na bayanta, ni daga kan gado ban ga fuskarta ba, sai wata baƙar siffa mai faɗi kamar rumbu. Ita kuma da ta saki labulen ba ta ganin komai, ta miƙa hannu tana lalube, ƙafarta ta faɗa kwanon kunu.

"Wayyo! Wa ya kafa min tarko? Ku a kabari kuke jego?"

"Yaya, ɗan riƙe min labulen a buɗe, in ga wani abu."

Ta riƙe tana sharce kunu daga ƙafa. Ranar safe tana ƙasa-ƙasa, ta doki idona kai tsaye. Da na sa yaron tsakanina da ƙofa, fuskarsa ta zama baƙa kamar ta Yaya ɗazu. Da na juya wa ƙofa baya, inuwata ta rufe shi. Da na karkata, rana ta faɗa masa a ido ya runtse, ni kuma wasu korayen tabo suna yawo a gabana duk inda na kalla.

"Me kike nema ne kina juyi kamar kaza za ta yi ƙwai?"

Na rage murya. "Ina tsoron shawara ce."

"Shawara? Ai ba abin da ya fi ta yawa a ɗakin mai jego. Kowa ya shigo da tasa yake shigowa." Ta yi dariya, amma da ta ga ban yi ba sai ta sunkuyo ta ƙura masa ido. "Wallahi ƙanwata, ni ban ga komai ba. Ba wai na ga lafiya ba, a'a, ban ga komai ba. Idona bai dawo ba tukuna."

Maigidana a lokacin yana dako a mahlaj na Hasahisa, inda ake gurzar auduga a ɗaure ta, sai daren Juma'a yake zuwa gida. Ya iso ranar Alhamis bayan magariba, ya gaida Inna, ta ce za ta je ta karɓo rariya a maƙwabta, rariyar da muke da irinta biyu. Ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa, asabari a tsakaninmu.

"Ya baƙon naku?"

"Yana nan. Amma ni hankalina bai kwanta ba."

Na kwashe duka na gaya masa, har da auduga da gishiri. Na zaci zai yi min dariya. Sai ya ce, "Ikon Allah. Ai maganar farraz kike yi."

"Wane ne kuma farraz?"

Ya ce shi ne mai tantance auduga, wanda ke duba ta ya ce wannan ta ɗaya ce, wannan ta biyu, wannan ta yi tabo-tabo. Suna da ɗakinsu daban a mahlaj, shi yakan kai musu samfur. Ya ce ɗakin ba fitila ko ɗaya, kuma rana ba ta taɓa shiga.

"To da me suke gani?"

"Tagogi. Amma duk a gefe ɗaya, arewa. Kuma can sama, ko ka yi ɗage ba ka leƙa waje."

"Don me arewa?"

"Oho. Na ji dai suna cewa nan ne haske ba ya ƙarya."

"Bangon fa, wane launi?"

"Ke kuwa! Dako nake yi, ba gini ba." Ya yi tunani. "Kamar toka-toka mai haske. Ba ja ko shuɗi ko ɗaya a ɗakin. Wani yaro ya taɓa shiga da jar hula, suka kore shi."

"In yamma ta yi fa?"

"Su tashi. Ko buhu nawa ya rage, sai gobe."

Na yi ta juya abin a raina. Na tuna a watannin sanyi inuwar ɗakinmu kullum a bayan bangon arewa take kwana, tun safe har yamma, rana na bi ta kudu tana wucewa. Ke nan taga a wannan bango ba za ta shigo da rana ba, sararin sama kawai za ta shigo da shi. Ban taɓa raba su biyu ba sai ranar, hasken rana da hasken sama.

"Ka fasa min bangon arewa."

"Bangon Inna? A cikin sanyin nan, ta inda iska ke zuwa?" Na ji ya gyara zama. "Ni dai ina son kaina. Ke ki gaya mata, in ta ce a fasa, ko duka ne in rushe."

Da safe na fito wanka, na gama, ina zagayowa sai na tarar da Inna a inda take zama kullum da hantsi, a gindin bangon arewa, ta lulluɓa da bargo, faifai a cinya, tana zaɓar audugar da za ta kaɗa. Ta ɗauki wannan ta jefa dama, ta ɗauki waccan ta jefa hagu. Sau nawa na wuce ta a nan ban tambayi kaina komai ba. Ga rana mai daɗi a tsakar gida, tsohuwa ta bar ta ta zo inuwa tana rawar sanyi. Na durƙusa.

"Inna, ba kya jin sanyi a nan? Ga rana can."

"A rana duk auduga fara ce, sai ta kashe maka ido. A ɗaki duk ja ce. Nan ne aka gane fara da mai kama da fara." Ba ta ɗago ba. "Tashi ki shiga kar jikinki ya huce."

Ban tashi ba. Na ce, "Inna, ba na cewa a fito da shi. Hasken wanga wuri nake so a shigar masa. Audugar zare kina zaɓa mata inda za ki dube ta. Shi ba a taɓa dubansa ba."

Hannunta ya tsaya a kan faifai. Na jira faɗa. Ta dube ni, ta dubi bangon da ke bayanta tun daga ƙasa har sama, sannan ta ce, "Na ce ki shiga."

Ba ta ƙara yi min magana ba har aka sauko daga Juma'a. Ina ciki na ji muryarta a tsakar gida tana yi wa maigidana magana. "Kai, aje carbin nan ka ɗauko ƙarfen haƙa. Matarka ta hana ni sakat." Ita ta nuna masa wurin da sandarta, can sama dab da rufi, don iska ta bi ta kanmu ta wuce, kuma kada mai wucewa ya leƙo ya sa wa jinjiri ido. Ta ce faɗin faifai, kada ya ƙara ko ɗan yatsa. Muka koma lungu ni da yaron, ta kifa mana babban zane, ina jin ƙasa na zubowa. Da ya gama ta kawo wani tsohon farin ƙyalle da wanki ya cinye har ana ganin hannu ta cikinsa, ta sa ya ja shi ya kafe da ƙusoshi a bakin ramin. Kafin a share ƙasa rana ta yi sanyi, abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba. Maigidana ya kama motar asuba ya koma Hasahisa bai ga amfanin aikinsa ba.

Ranar Asabar da hantsi Yaya ta shigo, wannan karon tana jan ƙafa a hankali. Inna ta saki labule, ta ɗaga gilashin fanus ta hure. Tun da na haihu ba a kashe shi ba. Da farko duhu. Inna ta ce kowa ya zauna ya jira idonsa.

Sai ɗakin ya fara fitowa. Ban san yadda zan kwatanta ba. Hasken bai shigo kamar taɓarya ba, ba shi da baki, ba ka iya nuna inda ya fara da inda ya ƙare. Ƙyallen ya zama kamar farin wata, daga nan abin ya bazu a rufi ya gangaro a hankali. Inuwar kowane abu tana nan amma mai laushi, kana ganin abin da ke cikinta. Na ga tsagar bango, na ga gidan zanzaro a kusurwa. Kwanon da aka kawo min na barka, wanda na yi ta yaba korensa, ashe shuɗi ne. Zanen Inna ashe akwai ɗigon ja a jiki. Na ga fuskar Yaya da duk layin tsagarta, ita ma tana waige-waige baki buɗe.

"Ashe ɗakin nan yana da girma," in ji ta.

Na kwantar da shi a gado ta gefen da hasken ke sauka, na zauna yadda inuwata za ta faɗa baya. Rabin fuskarsa ya fito sarai, ɗaya rabin da ke kallon bangon kudu ya ɗan dushe, don jar ƙasar bangon tana shanye abin da ya isa gare ta. Na ce wa Yaya ta ware farin tob ɗina ta tsaya da shi ta can. Tana buɗe shi duhun kuncin ya ɗage, kamar an kunna wata taga ta biyu.

"Kai! Yanzu kuma na zama bango," in ji Yaya. "Ku yi sauri hannuna ya gaji."

Na ajiye audugata kusa da kuncinsa. Fara tas, kamar a waje. Ya buɗe ido da kansa, bai runtse ba, yana kallon sama. Farin idonsa ba fari ba ne. Launinsa kamar ruwan ƙwai da aka sirka.

Inna ta sa yatsa ta danna kan hancinsa ta ɗaga, wurin ya yi rawaya kafin jini ya dawo. Ta danna goshi, haka. Yaya ta sauke tob ɗin a hankali. Abin mamaki, ni da na fi kowa tsoro sai na ji ƙafafuna sun tsaya da ƙarfi. Abin da nake gudu ga shi a gabana, kuma ba ni kaɗai ke ganinsa ba.

Inna ta miƙe. "Ke, je ki ce ma mai amalanken jaki ya aje ruwa ya zo. Ke kuma yafa tob ɗinki."

"Inna, arba'in fa?" in ji Yaya.

"Ni na sa dokar, ni na ɗage. Tafi!"

Ita ta rungume shi a cikin bargonta har Wad Haddad, ko ɗan yatsansa rana ba ta gani ba. A shafakana, ƙaramin asibitin garin, muka sami hakim, mai duba marasa lafiya, wani dogon mutum mai furfura a gemu. Ɗakinsa na da taga babba da rana ke faɗowa a kan tebur, amma bai duba shi a nan ba. Ya fito da mu baranda, gefen inuwa, ya sa na kwance masa zane. Ya danna goshi, ya danna ƙirji, ya danna ciki, ya danna ƙwauri da tafin ƙafa, kowane ya tsaya ya duba. Ya tambaye ni da Larabci ko yana kama nono da ƙarfi, ko yana farkawa da kansa, ko fitsarinsa na ɓata zane. Na amsa duka, har da waɗanda bai tambaya ba.

Ya ce abin daga kai yake farawa ya gangara. Na ɗana ya tsaya a ƙirji, bai kai ciki ba. Jarirai da yawa suna yin haka ya wuce da kansa. In ba shi nono a kai a kai, ko yana barci in tashe shi. Amma in rawayar ta sauka cibiya, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya saki, kada mu tsaya a wurinsa ma, mu nemi mota sai babban asibitin Madani.

"Sai kun riƙa dubansa kullum a haske iri ɗaya," in ji shi. "Ba fitila ba, ba cikin rana ba. Kuna da wuri irin wannan?"

"Muna da shi," in ji Inna da Larabcinta mai kaurin Hausa. "Taga ce a arewa, can sama. Mu haka muke gini."

Na sunkuyar da kai na gyara wa yaro zane.

Daga ranar aikina ya zama duba. Na gane ko hasken arewar ma ba ɗaya yake ba duk yini. Da sassafe yana da ɗan shuɗi, yaron sai ya yi kamar ya fi lafiya, da azahar yana ƙarfi, da yamma yana ɗaukar ja daga bangon maƙwabta. Don haka na tsayar da lokaci guda, hantsi, in jirgin ƙasan Sinnar ya yi kuka ya wuce. A kashe fanus, a jira ido, a ajiye auduga, a danna. Yaya ta ce ita ba za ta bar kisrarta tana ƙonewa kullum don riƙe tob ba, sai ta kawo ragowar farar ƙasa daga gidanta muka shafe bangon kudu. Da ta bushe ɗakin ya ƙara haske kamar an faɗaɗa ramin, alhali ba a taɓa shi ba. Na yi ta mamakin wannan, bango da ba ya ƙone mai, ba ya da lagwani, amma yana ba da haske. In magariba ta yi Inna takan sa a toshe ramin da tabarma saboda sanyi, da safe ita ke fara cewa a cire.

Aka yi suna a haka. Mata suka cika ɗaki, kowace ta shigo sai ta ɗaga kai. Wata ta ce an buɗe wa aljanu hanya, wata ta ce ita dai yau ta fara ganin jinjiri ranar suna ba a kai shi gaban fitila ba, wata ta tambayi wa ya fasa don tana son irinta a ɗakin girki. Ni hankalina na kan ƙirjinsa. Ranar rawayar ba ta sauka ba, ba ta kuma hau ba. Washegari na ga kamar ta kusa cibiya, na kira Inna, muka danna muka sake dannawa, ashe zanen da na shimfiɗa masa ne mai ruwan ɗorawa yake haska masa ciki. Aka canza fari, abin ya koma inda yake. Inna ta ce in na ƙara tsinka mata zuciya haka, ni za a kai Madani.

Sannu a hankali rawayar ta janye daga ƙirji. Ta bar wuya, ta bar goshi. Ido ne ya daɗe. Kullum in duba in ga saura kaɗan a gefe, kamar ƙasan kwanon da ba a wanke da kyau ba, har na fara tunanin ko idona ne ya saba da ganinta.

Wata safiya jirgi ya wuce, na hure fanus, na jira. Ya buɗe ido yana wutsil-wutsil da ƙafa. Na kara auduga. Na duba idon, na duba audugar, na sake duba idon. Na juya shi ɗaya gefen na duba kusurwar da ta fi taurin kai.

"Inna, zo ki gani."

Ta zo ta sunkuya, ta daɗe. "Ni idona ya tsufa, kira waccan mai bakin."

Yaya ta shigo hannu duk ƙullu, ta tsaya ta jira idonta ba tare da an ce mata ba. Ta duba dama, ta duba hagu, ta ja fatar idon ƙasa da ɗan yatsanta mai tsabta.

"Fari ƙal. Har ya fi audugar taki, ita ta sha hannu ta yi dauɗa. To sai ki nemo wani abin tsoron kuma, wannan ya ƙare."

Inna ta ce alhamdu lillahi, ta ɗauke shi ta saɓa a kafaɗa ta ce in matsa ta gyara shimfiɗa. Na matsa can ƙarshen gado na jingina da bango, da niyyar in tashi in ta gama. Ina jin su suna gardama a kan ko da wa ya yi kama, Yaya na cewa hancin na gidanmu ne, Inna na cewa ba ta taɓa ganin wanda ya kwaso ubansa haka ba. Ban ji yadda suka ƙare ba. Sai da aka kira azahar Inna ta taɓa ƙafata ta ce in tashi, yaro na neman nono.